Tsakanin Yayi da Ra'ayi: Telolin Japan da Suka Ƙi Bin Ayari

 Yau zancen tufafi za mu yi, kuma tafiyar da nisa, don sai mun dangana da ƙasar Japan. Amma kafin mu kama hanya, ina roƙon kowa ya ɗan dubi abin da ke jikinsa yanzu haka, riga ce ko zane, hula ko mayafi, ya tambayi kansa: wa ya zaɓa mini wannan? Da idona da ra'ayina na zaɓa, ko kuwa gani na yi ana yi na bi sahu? Ku riƙe tambayar nan a zuci, za mu dawo mata.

A shekarar 1981 wasu mutum biyu daga birnin Tokyo, mace da namiji, suka ɗauki ɗinkinsu suka kai Paris, babban birnin Faransa, inda a can ake yanke wa duniya hukuncin abin da za a kira ado. Sunan macen Rei Kawakubo, namijin kuma Yohji Yamamoto. A wancan zamani abin da Turai ke yayi shi ne kaya masu ɗaukar ido: kafaɗa a cushe da soso ta ɗago, ƙugu a matse, launi yana walƙiya, takalmi mai tsini, fuska ta sha kwalliya. Ana so duk wanda ya hango mace ya san kuɗi sun zauna. Sai ga waɗannan baƙi sun fito da 'yan mata cikin baƙaƙen kaya masu yalwa, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, bakin riga ba kalmasa, zare yana reto, takalmi ba tudu, fuska ba hoda ba jan-baki. Da shekara ta zagayo, a 1982, Kawakubo ta ƙara da wata baƙar suwaita duk huji, sai ka ce gara ta kwana a kanta.

'Yan jarida suka yi musu ca. Wasu suka ce kayan mabarata ne. Wasu suka laƙaba wa salon suna adon Hiroshima, wai masu sa shi sun yi kama da waɗanda suka tsira daga bam. Magana ce mai ciwo ga mutanen da ba su cika shekara 40 da binne 'yan uwansu na wannan masifa ba. A gida kuwa, samari da 'yan matan Tokyo da suka rungumi salon sai aka riƙa kiransu jama'ar hankaki. Ku tuna hankakansu ba irin namu ba ne mai farin ƙirji. Nasu baƙi ne wuluk daga kai har ƙafa.

Mu ɗan tsaya a kan suwaitar nan mai huji, don a jikinta duk zancen yake. Hujin ba haɗari ba ne, ba kuma tsufa ba. Da gangan aka saƙa shi, wani babba wani ƙarami, wani a ƙirji wani a hannu. Ita mai abin kuma leshi take kiransa. To jama'a, mene ne leshi in ba yadi mai huji ba? Leshin da ake zuba kuɗi a saya don lefe, ai huji ne aka jera shi sahu-sahu, duniya ta taru ta ce ado ne. Da aka warwatsa hujin, sai duniyar nan dai ta ce tsiya ce. Wa ya yanke wannan hukunci, kuma yaushe aka tambaye mu? Tambayar da Kawakubo ta saƙa da zaren ulu ke nan. Yau irin wannan suwaita tana ajiye a gidan kayan tarihi na Victoria da Albert da ke Landan.

Su wane ne mutanen nan, kuma me ya ba su wannan ƙarfin hali?

An haifi Kawakubo a Tokyo a 1942. Ba ta taɓa zama a makarantar koyon ɗinki ba. A Jami'ar Keio ta yi karatu, ta yi aiki a sashen talla na kamfanin Asahi Kasei mai yin zare, daga baya ta koma shirya kayan da ake sa wa masu fitowa a hotunan talla. Da ta nemi irin kayan da ke ranta ta rasa a kasuwa, sai ta fara yin nata a 1969, ta raɗa musu suna da Faransanci, Comme des Garçons, wato kamar samari. Tun daga nan ba ta bar mutane sun huta ba. A kayan da ta fitar na bazarar 1997, matasai ta cusa a cikin riguna, wani a doro, wani a kafaɗa, wani a kwiɓi, har surar jiki ta sauya. Masu kallo da yawa sun ƙi abin, amma sun gane abin da take nufi: shekara da shekaru ana matse mata ana cusa musu soso don jikinsu ya dace da hoton da wasu suka zana, me ya sa wancan cushen ya zama kyau, nata ya zama muni? A 2017 babban gidan kayan fasaha na Metropolitan da ke New York ya ware mata baje koli ita kaɗai, girmamawar da sashensa na tufafi bai taɓa yi wa mai tsara kaya yana raye ba sai Yves Saint Laurent a 1983.

Yamamoto kuwa maraya ne. An haife shi a 1943, aka ɗauki mahaifinsa aikin soja bai dawo ba. Mahaifiyarsa ta rene shi da keken ɗinki a wani ɗan shago a unguwar Kabukicho, unguwar da ba ta barci da dare. Ya karanci shari'a ya gama a 1966, amma ya ajiye takardar ya ce shagon uwarsa zai zauna. Ta tura shi makarantar ɗinki ta Bunka ya koyi sana'ar daga tushe. A shagon nan ya yi ta durƙusawa gaban mata yana kafa musu allura a bakin siket, mafi yawansu suna neman ɗinkin da zai burge maza. Abin ya tsaya masa a rai. Da ya kafa nasa kamfanin a 1972, sai ya fara ɗinka wa mata manyan riguna irin na maza, masu rufe jiki, masu kare shi daga sanyi da kuma idon mutane. Shi ba don addini ya yi ba, amma mu da muke kiran tufa da suna sutura ba ma bukatar dogon bayani kafin mu gane inda ya dosa.

Na ukunsu, wanda ya riga su kai ɗinkinsa Paris tun 1973, shi ne Issey Miyake. A Hiroshima aka haife shi a 1938. Yana ɗan shekara 7 aka jefa wa garin bam ɗin nukiliya ranar 6 ga Agusta 1945, kuma kafin a cika shekara 3 gubar bam ɗin ta kashe mahaifiyarsa. Shekaru da dama bai yarda ya yi zancen a bainar jama'a ba, don ba ya so a riƙa kallon aikinsa da idon tausayi. Sai a 2009 ya rubuta a jaridar New York Times, yana kiran shugaban Amurka na lokacin, Barack Obama, da ya ziyarci Hiroshima, ya kuma bayyana cewa shi ya zaɓi ya sa tunaninsa a kan abin da ake ƙirƙira, ba abin da ake rusawa ba.

Ku ji yadda yake aiki. Kowane tela ya san in ana son riga mai ninki-ninki, yadin ake fara ninkewa, sannan a yanka a ɗinka. Miyake da ma'aikatansa suka juya tsarin. Sai su yanka rigar su ɗinka ta tukuna, ƙatuwa, ta ninka girman mai ita. Sannan a shimfiɗa ta tsakanin takardu biyu, a tura ta cikin injin zafi mai matsewa. In ta fito ta ɗaya bakin, an yaye takardar, sai ka ga rigar ta tsuke ta dawo daidai jiki, da ƙananan layuka ɗaruruwa a jere kamar kunyoyin gona. Da yake yadin na roba ne, zafin ya riga ya koya masa ninkin, ba ya mantawa. A wanke, ta bushe nan da nan, a naɗe a jefa a jaka, ba guga ba sitati. Ya gwada ta a jikin 'yan rawa a Frankfurt ta Jamus a 1991, ya ga tana bin motsinsu ba ta takura su, sannan ya fitar da ita kasuwa a 1993 da sunan Pleats Please. Ya rasu a watan Agusta na 2022 yana da shekara 84.

Masu sauraro, wanda ya kalli aikin mutanen nan sama-sama zai ɗauka sun yi watsi da al'adarsu ne. Wanda ya duba da kyau zai ga akasin haka. Rigar gargajiyarsu, kimono, daga turmi ɗaya ake yin ta, mai faɗin da bai kai santimita 40 ba, tsawo kuma wajen mita 12. Miƙaƙƙen yanka ake yi, ba lanƙwasa, kusan ba a zubar da ko ƙyalle. In ta yi datti a kan warware ɗinkin, a wanke, a sake haɗawa. Telan Turai jiki yake aunawa ya yanka yadi ya bi shi lungu-lungu. Telan Japan na da barin fili yake yi tsakanin jiki da tufa, mai rigar ya cika filin da tafiyarsa da zamansa. Wannan fili suna da kalma guda da suke kiransa da ita, ma. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake jera sawaye a haɗa babbar riga, ko ya ga dattijo ya saɓa hannunta a kafaɗa zai miƙe, ya san irin wannan hikima.

Faci da tsufan yadi ma gado ne a wurinsu. A arewacin ƙasar, wajen Aomori, inda sanyi ke hana auduga fita, manoma kan tara ƙyallaye rinannu da shuni, su ɗora wani kan wani, su bi su da ƙananan ɗinki na hannu, uwa ta bar wa 'ya, 'ya ta ƙara nata facin. Boro suke kiransa, wato tsumma. A da abin kunya ne, ana ɓoye shi. Yau gidajen tarihi ke nemansa. Haka kuma a zamanin mulkin gidan Tokugawa, daga 1603 zuwa 1868, hukuma ta sha kafa dokar hana 'yan kasuwa da talakawa sa kaya masu ƙyalli. Me suka yi? Sai suka zauna da launin toka da ruwan ƙasa da shuɗi da aka bar musu, suka fitar da iri-iri a cikinsu har ba sa ƙirguwa, suka kuma koma ɓoye zane mai tsada a shafin cikin riga, inda mai ita kaɗai ya san da shi. Saboda haka baƙin Yamamoto da zaren Kawakubo mai reto suna da kakanni. Sun san gidansu ciki da bai kafin su fita su ƙalubalanci na wasu.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne irin al'ummar da suka fito daga ciki. Japanawa suna da karin magana cewa ƙusar da ta ɗago kai ita guduma ke samu. In lokacin neman aiki ya zo, sai ka ga ɗalibai dubbai sun fito cikin baƙar kwat iri ɗaya, farar riga, baƙar jaka, baƙin gashi, ba ka bambanta wannan da wancan. A 2017 wata ɗaliba a Osaka ta kai hukuma kotu saboda an matsa mata ta rina gashinta baƙi, alhali ta ce haka Allah ya halicce shi da ɗan ja-ja. A 2021 kotu ta ba ta diyyar yen 330,000, amma ta ce dokar makarantar ba ta saɓa ƙa'ida ba. Sai a 2022 makarantun sakandare na gwamnatin Tokyo suka soke irin wannan doka. A ƙasar da launin gashi ke kai mutum gaban alƙali, fita da rigar da ba irin ta kowa ba magana ce babba.

Shi ya sa unguwar Harajuku da ke Tokyo ta yi suna. Daga 1977, duk ranar Lahadi akan rufe babban titin unguwar, ba mota ba babur, sai masu tafiya a ƙasa. Matasa daga ko'ina su hau jirgin ƙasa su zo, wasu da kayansu a jaka, sai sun iso su canja, don kada maƙwabta su gani. Ga yarinya ta jera maƙalan gashi masu launi sun fi ashirin a goshi, safa uku-uku a ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ga wata cikin riga mai baza kamar 'yar tsanar Turawan da, da 'yar lema a hannu. Ga saurayi ya yanke tsohuwar kimono ya haɗa da wandon jins, ya taka takalmin katako na kakanni. Yawancinsu ba 'ya'yan masu kuɗi ba ne. Gwanjo suke tsinta, su yanka, su rina, su ɗinka da hannunsu cikin dare. Wani mai ɗaukar hoto, Shoichi Aoki, ya ga abin ya fi ƙarfin a bar shi ya wuce, sai ya kafa mujallar FRUiTS a 1997. Kowane shafi mutum ɗaya ne tsaye a bakin titi, a ƙasa an rubuta shekarunsa da inda ya samo kowane abu da ke jikinsa. Sau da yawa amsar ita ce: ni na yi da kaina.

A 1998 aka daina rufe titin, motoci suka dawo. A wannan shekarar dai kamfanin Uniqlo, wanda ya buɗe shagonsa na farko a Hiroshima a 1984, ya shigo Harajuku da wata rigar sanyi mai laushi a kan yen 1,900 kacal. A shekarar 2000 kaɗai an sayar da miliyan 26. Sannu a hankali manyan kantuna masu kaya iri ɗaya suka cika unguwar, haya ta yi tsada, ƙananan shaguna suka ja da baya. A 2017 Aoki ya dakatar da buga mujallarsa wata-wata bayan shekara 20, ya ce matasan da yake fita nema ya ɗauka sun yi ƙaranci a titi.

Nan fa dole mu yi adalci. Kaya masu araha rahama ne ga mai ƙaramin ƙarfi, kuma wanda ya sayi rigar sanyi mai kyau da ɗan abin da ke aljihunsa bai yi laifin komai ba. Shiga iri ɗaya ma tana da nata alheri. Kayan makaranta suna rufa wa ɗan talaka asiri a gaban ɗan mai kuɗi. Anko a gidan biki yana cewa mu dangi ne, tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da yayi ya tashi daga zaɓi ya koma tilas, ya zama wanda bai bi ba sai ya sunkuyar da kai, uwa ta ci bashi don ankon da sau ɗaya za a sa. Kuma saurin nan da yayi ke yi, yau a fito da wannan gobe a ce ya tsufa, akwai masu biyan kuɗinsa da jininsu. A watan Afrilun 2013 benen Rana Plaza ya rufta a Bangladesh kan masu ɗinka wa kantunan Turai da Amurka kaya, mutum fiye da 1,100 suka mutu. Ragowar abin da aka sa aka yar kuma shi ne ake ɗaurewa dila-dila a turo kasuwar Kantamanto ta Accra da kasuwannin gwanjonmu, wanda bai sayu ba ya ƙare a kwata da juji.

Su ma telolin da muke yabo kasuwa ba ta ƙyale su ba. Kayansu na da tsadar da talakan Japan ma sai dai ya kalla ta gilashi. Kamfanin Kawakubo ya fitar da ƙananan riguna masu tambarin zuciya mai idanu biyu a 2002, yau jabunsu ya cika duniya, masu sawa da yawa ba su taɓa jin sunanta ba. A 2008 ta yi haɗin gwiwa da H&M, babban kantin kayan yayi, mutane suka yi dogon layi. Yamamoto ya haɗa hannu da Adidas, duk da haka a 2009 bashi ya durƙusar da kamfaninsa sai da masu zuba jari suka tallafe shi. Huji da yagewa kuwa, waɗanda a jikin suwaitar 1982 tambaya ce mai nauyi, yau inji ke yin su dubu-dubu a gwiwar wandon jins, kowane huji a wuri ɗaya da na ɗan uwansa. Hausawa sun gama magana: kama da wane ba ta wane.

To ashe abin da za a koya a wurinsu ba ya cikin kanti, kuma ba a awonsa da yawan baƙon abu da mutum ya rataya. Marigayi Steve Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Apple, baƙar riga mai dogon wuya ta Miyake ya riƙa sawa kusan kullum shekara da shekaru, iri ɗaya launi ɗaya, amma duk wanda ya gan ta ya san ta wa ce, don shi ya zauna ya zaɓa. Ita kanta Kawakubo da wuya ka gan ta cikin wani abu in ba baƙaƙen kaya marasa hayaniya ba. Abin da suka mallaka shi ne sanin dalilin abin da ke jikinsu.

Bari in kawo mu gida da abin da ya faru a gabana. Ana saura kwana goma sha wani abu ƙaramar Sallah, na raka ɗan wana wurin wani dattijon tela. Shago ya cika maƙil, shadda da yadi jibge har kan benci, janareto na ruri, yara biyu sun duƙufa a kan keken aiki. Yaron ya zaro waya ya miƙa, ya ce, “Baba, irin wannan nake so, sak.” Dattijon ya gyara tabarau ya duba, sannan ya nuna masa igiyar da ke bayansa da baki. Riguna bakwai ne a rataye, wuya iri ɗaya, aiki iri ɗaya. Ya ce, “Samari, duk waɗannan hoton nan aka kawo mini. In ka ce in yi, ta takwas ce taka.” Ya ja tef ya auna kafaɗarsa, ya ɗan ja da baya ya ƙare masa kallo, ya ce, “Kai dogo ne, ga wuya. Wannan ɗinkin na mai jiki ne, haɗiye ka zai yi. Faɗa mini abin da kai kake so.”

Yaron ya yi shiru. Can ya juyo gare ni, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, “Baffa, kada fa a yi mini dariya a filin idi.” Maganar nan ta daɗe tana yi mini yawo a kai, domin ita ce gudumar da Japanawa ke faɗa, ga ta a shagon tela a unguwarmu. Da dattijon ya yi ta jan sa da hira, sai ga shi yana ba da labarin wata riga ta marigayi kakansa, mai zagayayyen wuya da ɗan siririn aiki na hannu da babban aljihu a ƙirji, wadda tun yana ƙarami take burge shi. Dattijon ya yi murmushi ya ce ya san irinta, ya ɗinka su da yawa a zamaninsu. Ita aka yi masa, aka rage mata faɗi daidai jikinsa. An yi Sallah uku tun daga nan, wancan ɗinki na waya an daina ko zancensa, shi kuwa har yau in zai je wuri mai muhimmanci ita yake ɗaukowa.

Jama'a, muna riƙe da wata dukiya da mutanen Tokyo da Paris ke biyan maƙudan kuɗi su samu: tela wanda zai auna jikinka kai kaɗai, ya yanka yadi da sunanka. Muna da Kantin Kwari inda ido ke gajiya da zaɓi, muna da marinar Ƙofar Mata, muna da mata a cikin gidaje masu ɗinkin hula da allura, kowace da hannunta da ake ganewa. Abin takaici ne mai wannan gata ya kai wa tela hoton wani ya ce a mai da shi shi. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ba ina kiran kowa ya huda rigarsa ba ne, ko ya cusa matashi a doro. Muna da addini, muna da kunya, muna da iyakokin sutura, kuma a cikin iyakokin nan fili na nan mai faɗi, kamar yadda mutanen Japan na da suka sami launi iri-iri a cikin tokar da aka bar musu. Kirana ga matasa shi ne ku san jikinku, ku san gidanku, ku san abin da ranku ke so, sannan ku buɗe baki ku faɗa wa tela. Kirana ga teloli, ku riƙa yin irin tambayar dattijon nan, don ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Mu kuma iyaye da abokan zama, in yaro ya fito da shigar da ba ta keta mutunci ba, sai dai kawai ba ita ake yayi ba, mu riƙe dariyarmu, mu tambaye shi dalili. Wataƙila amsar da zai bayar ta sa mu san shi fiye da yadda muka san shi jiya.

Yanzu sai mu koma ga tambayarmu ta farko. Sake duba abin da ke jikinka. In ka tarar kai ka zaɓa, kuma ka san abin da ya sa, to madalla, ko da mutum dubu ne suka sa irinsa. In kuwa ka tarar tsoron bakin mutane ne ya zaɓa maka, to wani ɗinkin na tafe, kuma tela na nan da tef a wuya yana jiran ya ji ta bakinka.

A nan za mu dasa aya a sharhinmu na yau. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya suturta mu da suturarsa.